Gaisuwar Da Gumsu Ta Ƙi Karɓa

A unguwar Gamboru, in ka ce wa mai keke ya kai ka gidan Ya Gumsu mai turare, ba sai ka wahalar da kanka da kwatance ba. Ya sauke ka a bakin layi kawai, hancinka zai ƙarasa da kai. Mace ce doguwa, baƙa, mai tsagar Barebari da shekaru suka fara shafewa. Ta haura sittin, amma har yau ba a taya ta sauke tukunyar sandal daga murhu. Da Hausa take ciniki, da Kanuri take faɗa, kuma duk wanda ya ji ta juya harshe a tsakiyar magana ya san lokacin neman takalmansa ya yi.

Abu biyu aka san ta da su. Na farko turarenta, wanda in aka turara zane da shi sai ya sha wanki biyu ƙamshin bai bar shi ba. Na biyu, ba a yi mata ta'aziyyar ƙaninta Babakura. Wata hajiya ta taɓa zuwa daga Kano sayen humrar da za ta sa a kayan 'yarta. Ta tsinci labarin a bakin maƙwabta, sai ta ce da zuciya ɗaya, "Ashe rashi aka yi muku. Allah ya jiƙan ƙaninki." Gumsu ta miƙa hannu ta kwashe kwalaben daga gabanta, ta mayar cikin kwali.

"Hajiya, kin ga gawarsa?"

"A'a, ni dai ji na yi."

"To ni ma ban gani ba. Ki gaida gida."

Wanda bai san tushen abin ba sai ya ce taurin kai ne, kuma ba zan rantse cewa babu taurin kan a ciki ba. Amma a unguwar Limanti aka haife ta, a gidan wani mai wankin hula, tana da shekara goma sha biyu uwarsu ta rasu ta bar mata ƙanne biyu: Hashim da ya fara zuwa makarantar allo, da Babakura da ko yaye shi ba a yi ba. Ita ta goya shi har bayanta ya yi kanta. Ita ta tauna masa abinci ta sa masa a baki. Ranar da tukunya ba ta kai ba, sai ta ce ta riga ta ci a gidan maƙwabta, ta tura masa nata. Da aka yi mata aure a Gamboru, yaron ya yi ta birgima a ƙofar gida har sai da aka haɗa mata shi cikin kayan ɗaki.

Ta haihu uku, ba wanda ya kai yaye. Mijin, wani tela mai sanyin hali, shi ma bai yi tsawon rai ba. Abin da ta tsira da shi daga auren shi ne sana'ar uwar mijinta, wata 'yar Shuwa da ta koya mata jiƙa farcen humra da soya itace da sukari. Saboda haka in ana lissafin 'ya'ya, Gumsu ba ta cewa ba ta da ko ɗaya. Cewa take tana da ɗa guda, Babakura, yana fataucin bandar kifi daga Baga.

Duk dawowar da zai yi, gidanta yake fara sauka kafin nasa. Ya shigo yana ƙarnin kifi tun daga hula har takalmi, ita kuma ta taso masa da muciya.

"Fita! Fita kar ka ɓata mini kaya!"

"Haba Ya Gumsu, ai nawa turaren ya fi naki, tunda nawa ana cin sa da tuwo."

Sai ta zaunar da shi can nesa da kwalabe, ta ajiye masa kwano, ta tsaya a kansa har ya cinye.

A shekarar da hanyar Baga ta lalace, ya fita wata Talata bai dawo ba. An tarar da motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, kwalayen kifi na nan yadda aka ɗaure su. Ba direba, ba Babakura, ba ko ɗigon jini. Wasu suka ce mutanen daji ne suka tafi da su. Wasu suka ce kame ne ya rutsa da su. Wani ya rantse ya gan shi a wani ƙauye a tsallaken iyaka yana sayar da gishiri. Gumsu ta bi kowace magana har inda ta ƙare. Ta tsaya a duk ƙofar da aka ce ana tsare da mutane a bayanta, ta shiga asibitoci, ta zaga sansanonin 'yan gudun hijira tana leƙa fuskoki. In aka ji za a sako wasu, tun da sassafe tana can da sabuwar riga a jaka, don kada ya shigo unguwa da tsumma. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin wannan duhun ta yi shekara goma sha ɗaya.

Babakura ya bar mata, Aminat, da 'ya guda, Khairunnisa. Aminat ta yi zaman jira iya ƙarfinta. Daga baya iyayenta suka kai maganar gaban alƙali, aka yanka mata wa'adi, ta cika shi, aka ce ta yi takaba. Ta yi takabarta a ɗakinta na Limanti ita kaɗai kamar mayya. Gumsu ba ta taka gidan ba, kuma ta aika cewa duk wanda ya soya ko waina ɗaya da sunan sadakar Babakura, ita da shi har abada. Dangi a lokacin sun watse, kowa na ta kansa, ragowar kuma suna tsoron bakinta. Haka aka bar shi, ba sadakar uku, ba ta bakwai, ba ta arba'in. Da Aminat ta sake aure a Damaturu, Gumsu ta je ta ɗauko yarinyar, ta ce wa uwar magana ɗaya a bakin ƙofa: "Kin binne shi da ransa." Ba su sake magana ba.

Ta riƙe Khairunnisa riƙon da ba a yi wa 'yar riƙo. Da kuɗin turare yarinyar ta yi karatu har ta fara aikin jinya. Ko ambaliyar da ta ci Gamboru da Kasuwar Litinin ba ta sauya Gumsu ba. Ruwa na kai mata ƙirji, ta bar buhun sandal da kwalaben miski suka bi ruwa, ta fito ɗauke da jakar kayan Babakura a ka. Khairunnisa na riƙe da hannunta tana kallon jakar.

Sai ga aure ya taso. Mikail, wani malamin makaranta ɗan unguwarsu, shi yarinyar ta ce tana so, Gumsu ta bincike shi ciki da bai ba ta sami abin kushewa ba sai tsawon wuya. Aka sa rana, aka ce a gidan gado na Limanti za a yi komai.

Rabon da gidan nan ya cika haka tun kafin tashin hankali. Hashim ya zo daga Kano da iyalinsa, ya yi tumbi, Kanurinsa ya fara tsami. Siddiƙa, 'yar baffansu da gudun hijira ya kai ta Diffa, ta iso da jikoki huɗu da ba wanda ya taɓa gani. Na Yola suka zo, na Kusiri suka zo. Ko'ina "Wushe, wushe! Lale!" ake yi, gaisuwar Barebari, a rungume juna, a ja da baya a kalli fuska, a sake rungumewa. Wadda aka rabu da ita tana goyo ga ta da furfura. Ana cikin dariya sai wani ya tambayi labarin wane, a ce ai ya rasu a hanyar gudu, ko a sansani, ko bara da ruwa. Sai a ɗaga hannu a yi masa fatiha, a shafa, a koma hira. An yi wa mutum fiye da goma fatiha a tsakar gidan nan kafin la'asar. Suna ɗaya ne kowa ya bi ta gefensa.

Aminat ta iso ranar lalle, da yaro a hannu da wani a baya. Ta durƙusa har ƙasa.

"Ya Gumsu, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

Gumsu na zuba garwashi a kasko. Ta ce, "Lafiya," ba ta ɗago ba. Aminat ta daɗe a durƙushe, sannan ta tashi ta nemi lungu kusa da randa ta zauna, ita da ta haifi amarya.

Da yamma Hashim ya kira yayarsa zaure. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi abinci, ya yabi rumfa, sannan ya zo kan magana. Shi ne waliyyi, jibi zai ba da aure. Mai shela zai faɗi sunan amarya da na ubanta a gaban jama'a, kuma liman ya tambaya yadda za a faɗa.

"Yadda aka raɗa masa," in ji Gumsu.

"Ya Gumsu, ki saurare ni. Dattawa sun ce tunda Allah ya tara mu, kuma ba mu san ranar da za mu sake taruwa haka ba, a ce marigayi, a yi masa addu'a bayan ɗaurin aure. Shekara goma sha ɗaya fa."

"Ko ɗari ce. Kai ka wanke shi? Kai ka sa shi a rami?"

"Ba ni ba ne."

"To ka ci tuwonka na Kano ka yi shiru. Wallahi in aka ce marigayi a ƙofar gidan ubana, sai dai ku nemo wadda za ta wanke kan yarinyar nan gobe. Ba da hannuna ba."

Ta juya Kanuri daga nan, Hashim ya nemi takalmansa.

Ba ƙaramar barazana ta yi ba. A gidan Barebari ba a kai amarya ɗakinta sai an yi mata kla tulta, wato wankin kai, kuma hannun dangin uba ake so ya fara taɓa ruwan. Gwaggo ita ce uba a cikin mata. In tana raye, tana gari, ta ƙi sa hannu, to har jikokin amaryar sai sun ji labari. Hashim ya aika wa liman cewa a bar maganar, a faɗi suna kawai. Gumsu ta ci nasara kamar yadda ta saba, ta kwana tana huci.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin kakar su Gumsu. Siddiƙa ta jiƙa karkashi a ƙwarya har ya yi yauƙi, aka kawo ruwan ɗumi da sabulu da babbar tasa. Tsofaffi suka kewaye suna waƙa, 'yan mata na leƙe ta kan katanga, abokan ango na can waje suna jiran a fito da kumfar wankin kan su yi cinikinta kamar yadda aka saba. Aka zaunar da Khairunnisa, aka tsefe mata kai. Gumsu ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla, ta dafa ƙeyar yarinyar ta sunkuyar da ita kan tasa.

A nan ne gwaggo take yi wa amarya faɗan ƙarshe, a kunne, ƙasa-ƙasa, yadda waƙa za ta rufe. Gumsu ta fara: ki riƙe sallah, ki riƙe bakinki, kar ki kai ƙarar miji wurin ƙawa. Tana cuɗa gashin tana faɗa. Sai ta ji kafaɗun yarinyar na rawa a ƙarƙashin hannunta.

"Kukan me? Gidan Mikail ɗin nan ne, ko keke ba sai kin hau ba."

"Ba shi ba ne, Gwaggo."

"To mene ne?"

Khairunnisa ba ta ɗago ba. Fuskarta na cikin tasa, ruwa na bin kumatunta, da Hausa ta yi maganar, irin ta yaran yanzu.

"Jiya an yi wa kowa fatiha. Har wanda ban taɓa jin sunansa ba an yi masa. Ina zaune ina jira a zo kan Baba."

Hannun Gumsu ya tsaya.

"Ubanki na nan da ransa."

"Allah ya sa, Gwaggo. Ni ma kullum abin da nake roƙo ke nan. Amma in yana da rai, don an ce Allah ya jiƙan sa ba zai mutu ba. In kuwa ya riga ya tafi fa? Shekara goma sha ɗaya yana kwance a inda ba mu sani ba, ba wanda ya aika masa da ko ƙulhuwallahu. Kowa ana kai masa, shi yana kallo." Ta ja numfashi. "Ni ina yi masa a ɓoye, in kin yi barci. Amma ni kaɗai ce, Gwaggo. Ni kaɗai ba na isar sa."

Tsofaffi na ta waƙarsu, ba su ji komai ba. Siddiƙa ta miƙo moɗa ta ga ba a karɓa ba, ta ce, "Ya Gumsu, ruwa zai huce."

Gumsu ba ta taɓa kallon abin ta wannan gefen ba. Duk shekarun nan gani take ita kaɗai ce ta tsaya masa, kowa ya sallama shi ita ta ƙi. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa mai yiwuwa yaron nan yana can yana jiran abin da ita ta tsare ƙofa ta hana a kai masa. Ita da ba ta taɓa yarda ya kwana da yunwa ba. Baƙin ciki da kunya suka rufe ta a haɗe.

Ta karɓi moɗar. Ta ɗauraye kan tas, ta matse, ta naɗe shi da mayafi. Aka yi guɗa, aka fita da kumfa, abokan ango suka yi ta hayaniyarsu. Gumsu ta wanke hannu ta shige ɗakin kakarsu ta turo ƙofa. Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta fito wurin kitso ba, har mata suka fara raɗa cewa ko wani ya sake taka ta ne. Sai bayan la'asar ta leƙo ta ce a kira mata Hashim. Ya zo yana ɗari-ɗari, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ka gaya wa liman," ta ce. "Ka gaya masa ya faɗa yadda kuka ce."

"Ya Gumsu..."

"Tafi, kafin in fasa."

Washegari da safe maza suka cika ƙofar gida har bakin titi. Mata na ciki cikin anko, an ci ado, hayaƙin turaren Gumsu ya cika tsakar gida. Ita tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta lulluɓa da lafaya, hannuwanta a kan gwiwa. Ta lasifika ake jin komai. Aka nemi aure, Hashim ya bayar, aka karɓa, aka shaida. Sai mai shela ya ɗaga murya: an ɗaura auren Mikail da Khairunnisa, 'yar marigayi Babakura.

A nan ya kamata guɗa ta tashi. Ba wadda ta yi. Mai riƙe da tire ta tsaya da tirenta, mai ɗaura ɗankwali ta tsaya da hannu a sama, duk ido ya koma kan Gumsu, ana jiran a ga ta inda za ta fashe. A waje liman ya ce a yi wa mahaifin amarya salati goma da ƙulhuwallahu, Allah ya kai haske kabarinsa a duk inda yake.

Gumsu ta ɗaga tafukanta. Da mata suka ga haka, sai hannuwa suka tashi ko'ina, na Diffa da na Yola da na Kusiri, har yaran da ba su san wa ake yi wa ba. Ta karanta abin da aka ce a karanta, ta shafa. Sannan ta ce, a fili, yadda na kusa da ita suka ji, "Allah ya jiƙan ka, Babakura. Ka yafe mini, na daɗe ban aiko maka ba."

Kukan da ta yi bayan nan ba irin na gidan biki ba ne. Tun daga cikinta yake fitowa, ba ta rufe fuska ba, ba ta ji kunyar kowa ba. Daga cikin ɗaki amarya ta ɗauki kukan, lallenta da kitsonta da komai. Siddiƙa ce ta fara matsowa. Ta zo ne da niyyar cewa Allah ya sa alheri, sai ta durƙusa ta ce, "Ya Gumsu, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Gumsu.

Sai suka yi layi. Mata cikin kayan biki, da gwal da jan baki, ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna yi mata gaisuwar da ta kore su da ita shekara da shekaru, tana amsawa. Makaɗan da aka ɗauko suka jingine gangunansu a zaure suka zauna.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga layin ba. Aminat na can lungunta kusa da randa, ta juya wa jama'a baya, tana share hawaye da bakin mayafi don kada a gani a ce ita da ta yi wani auren me ya dame ta. Gumsu ta hango ta ta tsakanin kafaɗun mata. Ta dafa ƙasa ta miƙe, aka buɗa mata hanya, ta ratsa tsakar gidan a hankali. Aminat ta ji tsayuwar mutum a kanta, ta juyo, ta yunƙura za ta durƙusa. Gumsu ta riga ta kai ƙasa.

"Aminat," ta ce, "mijinki ya rasu ban zo miki gaisuwa ba. Ya haƙuri?"

Aminat ta ɗago ta dube ta. Sai ta kama hannun Gumsu da hannu biyu ta riƙe, suka zauna a nan gindin randa, ruwa na ɗiga kusa da ƙafafunsu.